Yaranmu sun daina gane tsirran daji

Assalamu alaikum Edita, ka ba ni fili in faɗi abin da ya dame ni. Shekaranjiya na je gona da jikana, na nuna masa rai ɗore a bakin shinge na ce mene ne wannan, ya ce tafasa, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Gaskiya duk furensu rawaya ne, amma ganyen tafasa kansa a zagaye yake, bibbiyu har jeri 3, na rai ɗore kuwa mai tsini ne kuma in ka murza warinsa ya fi ƙarfi, mu tun muna bin awaki iyayenmu mata suka koya mana haka saboda kwaɗon tafasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro laimar kwaɗi ce da ke fitowa a juji in ruwa ya zauna a Agusta, yanzu yara na gani a waya wai ana cin naman kaza, wato irin wannan laimar, to akwai mai kisa a ciki kuma ido kaɗai ba ya rabewa, a bar ta kawai. Haka 'ya'yan bini da zugu na jikin shinge, ga haukata yaro mai farin fure.

Ƙwari ma haka, farar tumfafiya ba a ci, hangara in ka murƙushe ta a jiki fata ta tashi.

Don Allah malaman firamare su riƙa fita da yara bayan gari da damina, a tafi da tsoho ɗaya ya nuna musu.

Mai karatunku daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa