Mun kai ciyawar, wa ya karɓa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo ranar Talata ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi laifin manoma ne, wai muna ganin baƙuwar ciyawa a gona sai mu kau da kai, ba ma kai wa masu bincike, sai ta cinye gari sannan mu fara kuka. Mai gabatarwa ya ce masa “haka ne, Dakta” ya wuce gaba. To ba haka ba ne. An bar jaki ana dukan taiki. Ni na kai, sau biyu ma, da ƙafata da kuɗin aljihuna, kuma har yau da nake rubuta wannan wasiƙa babu wanda ya gaya mini sunan abin da ke cin gonata.

Ni manomi ne a karkarar Gadarif ta ƙasar Sudan, a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Shekarata 58, tun ban kai tsayin fartanya ba nake cikin dawa da riɗi. Na san ciyayin ƙasarmu kamar yadda na san ’ya’yana. Na san buda, wadda ku can gida kuke kira ƙuduji ko wuta-wuta. Na san adar da ke shiga rigar dawa, ba ka rabe su sai sun fitar da kai. Na san ramtuk mai ƙaya da ke maƙalewa a gashin tumaki, na san aya-aya. Amma wadda ta fito mini a daminar 2021, a bakin gona inda motocin casa ke tsayawa, ban taɓa ganin irinta ba. Tsayinta ya kai ƙugu, ganyenta a tsattsage kamar na karas, launinsa kore mai toka-toka, furenta farare ƙanana birjik kamar an watsa gero. Na kira dattawa uku da suka girme ni, kowa ya juya ta ya shinshina ya ce bai san ta ba. Awaki ma sai su zagaye ta. A lokacin faɗin wurin bai wuce tabarma biyu ba.

Duk abin da Daktan ya lissafa ranar Talata kan yadda ake shirya ciyawa a kai gwaji na yi shi, domin wani malamin gona da ya yi ritaya ya koya mana tun da daɗewa. Na haƙo ta da saiwarta, ban fizge ba. Na zaɓi mai fure da mai iri da ƙarama wadda ba ta yi fure ba. Na kakkaɓe laka, na shimfiɗa kowace tsakanin tsofaffin jaridu, na ɗora katako na danne da buhun dawa. Kullum da safe sai na canja takardar saboda kada danshi ya sa ta yi baƙi, har kwana takwas. Ban sa a leda ba, na san leda dafa ganye take yi ya ruɓe kafin a isa. Irin na zuba shi daban a ambulan na liƙe bakin da kyau, don kada in je neman magani in shuka cuta a hanya. Ɗana ya rubuta da Larabci sunan ƙauye da kwanan wata da irin ƙasar da abin da aka shuka a wurin da maganin da aka fesa bara. Malam Edita, wannan aikin wanda bai damu ba ne?

Wanda bai san ƙasarmu da damina ba ba zai gane abin da fita ke nufi ba. Baƙar laka ce, ruwa ɗaya in ya sauka babu motar da ke motsi. A bayan tarakta na fita zuwa kwalta, na rungume kwalin da na sa ciyawar a ƙirji cikin riga saboda yayyafi, daga nan na hau mota. Kwana biyu na bar gona a tsakiyar noman ciyawa, lokacin da yini ɗaya ke da tsada. Ofishin da aka nuna mini, ba zan kama suna ba, na tarar da mutum ɗaya. Ya ce mai kula da wannan ya fita, in ajiye. Na ce a ba ni ’yar takarda shaidar na kawo, ya ce ba a yin haka. Na ce to a rubuta a littafi, ya ce babu littafi. Bayan mako uku na koma, na ga kwalina a kan kabad inda na bar shi, ƙura ta rufe shi, igiyar da na ɗaure ba a ko kwance ba. Wallahi ranar sai da idona ya kawo ruwa.

Shekara ta zagayo, 2022, tabarma biyu ta zama kusan rubu’in faddan, wato ma’aunin gona na nan da ya ɗan fi eka ɗaya. Na sake haɗa wani kwalin na nufi wani ofishi dabam. A nan na samu wata baiwar Allah mai mutunci, ta kwance ta duba da kyau, ta ce Baba ka yi aiki mai kyau, amma ɗakin gwajin ba a nan yake ba, kuma ba mu da mota ko kuɗin aikawa, in kana da mai tafiya ka ba shi. Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa mini. Na ba wani direba da kuɗin shayi, daga nan labari ya yanke. Ku lura da shekarun nan da kyau, duka biyun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne. Na san abin da ya faru bayan nan, na san faɗa ya shiga Wad Madani a Disambar shekarar, garin da cibiyar binciken noma ta ƙasa take, kuma ina tausaya wa ma’aikatan da suka watse da iyalansu. Amma kada a ɗora wa yaƙi abin da ya riga shi lalacewa.

Yanzu ciyawar ta kama mini faddan biyu cikin goma, ta tsallaka gonar ƙanena da ta maƙwabcinmu. Inda ta yi kauri riɗi ba ya tashi. ’Yata da ke taya ni cira hannuwanta duk sun yi ƙuraje, dare take kwana susa. Wani ɗan yayata ya ɗauki hoto ya duba a intanet, ya ce ta yi kama da wata da ake kira fartiniyam, ’yar asalin nahiyar Amurka, wadda ta addabi manoma da makiyaya a Habasha, mai sa ƙaiƙayi, mai ɓata ɗanɗanon madara in dabba ta ci. To Habasha ga ta nan kusa da mu, motoci da ’yan ƙwadago da dabbobi kullum suna ratsowa ta Gallabat. In ita ce, ai ba gonata kaɗai abin ya shafa ba, duk jihar ce. In kuma ba ita ba ce, a gaya mini in samu natsuwa. Kama da wane ba ta wane, hoton waya ba gwaji ba ne. Dalilin da ya sa na ɗauki kwali ke nan tun farko.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne mu a Sudan mun riga mun ga ƙarshen irin wannan sakaci. Miskit, wani itace mai ƙaya, da hannu aka kawo shi a 1917, aka dasa don ya tare yashi ya ba da inuwa. Dabbobi suka ci ’ya’yansa suka yaɗa irin a kashinsu, ya bi magudanan ruwa, ya shiga gonakin Gash da Tokar da Sabuwar Halfa. Sai a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, kuma duk wanda ya bi hanyar Kasala ya san ko an kawar ko ba a kawar ba. Ka sare shi ya tofo, sai ka tono kututturen daga ƙasa. Buda kuwa tushe ɗaya na zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji ruwan da saiwar dawa ke fitarwa, sai su kama saiwar su yi ta tsotsa a ɓoye, kafin ka ga jan furen nan a sama ta riga ta gama da kai. Wannan bayanin daga masu bincike muka same shi, kamar yadda muka sami irin dawa na Tabat da Wad Ahmad daga hannunsu. Don haka kada wani ya ce ina raina ilimi. Da ina raina shi da ban kwana a hanya da kwali a ƙirji ba.

Daktan ya kuma ce in maganin feshi ya daina kashe ciyawa mu tara irinta da ya nuna daga tushe da yawa, lungu-lungu na gona, a kai a shuka a tukwane a fesa a gani ko ciyawar ce ta yi taurin kai ko maganin ne jabu. Magana ce mai kyau, mu ma tambayar da ke bakinmu ke nan, domin tufodi, maganin kashe ciyawa da muke saye yanzu, ba ya aiki kamar da, kuma kowa da abin da yake zargi. Amma minti talatin kuka yi, “a kai ɗakin gwaji” ta fito ya fi sau goma, ba a faɗi wane ɗaki ba, a wane gari, wa za ka nema, ana biya ko kyauta ne, kwana nawa za ka jira amsa. Mai gabatarwarku bai tambaya ba ko sau ɗaya. Ya ce a tura hoto ta WhatsApp, lambar wa? Da kuka buɗe layi mutum biyu kawai kuka ɗauka, dukansu gaisuwa suka yi. Na kira har kuɗin wayata ya ƙare ban samu shiga ba.

Tun da na riga na fara, bari in faɗi wata da ta daɗe tana damuna. Duk mako kuna karanto farashin hatsi na Dawanau da wasu kasuwannin Najeriya da Nijar, ba ku taɓa ambaton kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba, alhali riɗi da dawar da ke fita daga nan ba ƙanana ba ne. Mu Hausawan Sudan muna nan da yawa, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har Kasala da nan Gadarif, tun zamanin kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Muna kama tasharku kullum, amma sai ka ce ba a san da mu ba. Ku nemi wakili a nan mana.

Buƙatata ita ce ku dawo da Daktan nan, ku karanta masa wasiƙata gaba ɗaya ba tare da an yanke ba, ya janye maganar da ya yi a kan manoma. Sannan ya faɗi a fili, a hankali yadda mai rubutu zai iya rubutawa, inda mutumin Gadarif zai kai ciyawa a bana a karɓa a ba shi takardar shaida. In babu irin wannan wuri yanzu, ya faɗa mana babu, mu san matsayinmu, ya kuma gaya mana abin da za mu yi kafin nan: mu cire mu ƙone, ko mu binne, ko mu hana dabbobi shiga. Kwali na uku yana nan a cikin akwatina, na busar da shi tun watan Satumba, da saiwa da fure da iri da takardar bayani. Ranar da kuka faɗi wurin, washegari zan hau mota in Allah ya yarda.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani manomi daga karkarar Gadarif, Sudan