Kwana arba'in suka kasa jira, mu ma ga shi muna bin sawunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ɗan fili nake nema in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda zuwa gun boka ya zama ruwan dare a cikinmu har an daina jin kunyarsa, kuma masu yin abin nan ba wasu baƙi ba ne fa, da yawansu tare muke haɗa sahu a masallaci.

Ƙissar ɗan maraƙin Bani Isra'ila duk mun ji ta tun muna yara amma wallahi kamar ba ma tsayawa mu yi tunani a kanta. Mutanen nan da idonsu suka ga teku ta tsage suka bi ta busasshiyar hanya, suka waiga suka ga ruwa ya cinye Fir'auna da rundunarsa, ba labari aka ba su ba. Amma suna ƙetarewa suka iske wasu mutane sun duƙufa a kan gumaka, buɗar bakinsu sai cewa suka yi ya Musa mu ma ka sanya mana abin bauta kamar yadda waɗannan suke da su. Yana nan a Suratul A'araf aya ta 138, kowa ya je ya duba.

Daga nan Annabi Musa (AS) ya tafi ganawa da Ubangijinsa, alƙawarin dare 30 ne Allah ya cika shi da 10 ya zama 40, ya bar ɗan'uwansa Annabi Haruna (AS) a kansu. To wannan ɗan jinkirin shi wani mutum da ke cikinsu mai suna Samiri ya samu ya shiga ta cikinsa. Kayan adon mutanen Masar da suka ɗauko aka tara aka zuba a wuta, ya fitar musu da maraƙi mai jiki yana kuka irin na shanu, ya ce wannan ne abin bautarku kuma abin bautar Musa, mantawa ya yi. Abin da ke tayar min da hankali a nan shi ne zinaren nan daga hannunsu ya fito, su suka kawo shi, a gabansu aka narka, amma da ya yi ƙara sai suka faɗi suna masa sujada. Allah da kansa ya tambaya a Suratu Ɗaha, shin ba sa ganin ba ya mayar musu da magana, ba ya iya cutar da su ko amfanarsu? Annabi Haruna ya yi ta faɗa musu ku fa fitinarku aka yi, suka ce ba za mu daina ba sai Musa ya dawo, har ma suka kusa kashe shi Annabi Harunan.

Sakamakon kuwa bai yi daɗi ba sam. Annabi Musa ya dawo cikin fushi da baƙin ciki ya jefar da allunan Attaura, ya kama kan ɗan'uwansa yana ja. Aka ƙona maraƙin aka sheƙe shi a teku. Samiri aka yanke masa ya ƙare rayuwarsa yana cewa kar a taɓa ni, ba ya cuɗanya da kowa. Tubar sauran kuma, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 54, sai da ta kai ga jini, a Littafin Fitowa da ke hannun 'yan'uwa Kiristoci sura ta 32 ma an ce kusan mutum 3,000 suka mutu ranar. Amma abin da ya fi ba ni tsoro duk cikin labarin shi ne faɗin Allah cewa an shayar da zukatansu son maraƙin. Na zinaren an ƙone shi a yini ɗaya, na zuci bai fita ba.

Kar wani ya ce ai wannan Yahudawa ne. A shekara ta 8 bayan hijira a hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci suka ga wata magarya da mushirikai ke rataya makamansu don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ, suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya sa musu irinta, ya ce kun faɗi irin abin da mutanen Musa suka faɗa. Mu ma nan gida tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, Alƙur'ani ne fa aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu, sai zamanin Sarki Alwali aka sa gatari aka fasa shi.

Yanzu dubi halin da muke ciki. Mace ta yi shekara biyar ba haihuwa dangin miji sun fara habaici, ɗan kasuwa jari ya karye, ɗan siyasa zaɓe ya matso, matashi ya ga sa'ansa ya sayi mota. An yi addu'a an ga shiru, sai wata ƙawa ko aboki ya raɗa maka akwai wani mutum a ƙauye kaza aikinsa kamar yankan wuƙa. Ka je ka same shi kan buzu da carbi a hannu, shi ya sa ma ake ce masa malam, ya tambayi sunan mahaifiyarka ya zana ƙasa, ya ce a kawo baƙin bunsuru amma kar a yi bisimilla wajen yanka, ga laya a binne a mararraba da tsakar dare kar a waiwayo. Duk wanda aka ce masa kar ya ambaci sunan Allah a kan yanka ai ya san wa ake yanka wa, ba sai an yi masa fatawa ba. Kuma dan Allah a fahimce ni, ban haɗa da mai sassaƙe da saiwoyi ba ko malamin da zai karanta maka ayoyi ya ce ka dage da addu'a, waɗannan daban ne.

Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je gun mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba, tambaya kawai fa, ina ga wanda ya gaskata ya kuma yi yanka. Tun a duniya ma ana gani. Boka ba ya taɓa sallamarka ba tare da ya nuna maka maƙiyi ba, ko kishiya ko ɗan'uwa uba ɗaya, wani lokacin har uwar da ta haife ka, sai ka ga mutum ya daina cin abincin gidansu, ya daina gaisawa da dangi, yana tsoron kowa ya taɓa shi, kuɗin da ya je nema kuma sun ƙare a sayen bunsuru. Wasu abin har ya kai su ga zubar da jinin yaran mutane, ku da kanku kuna buga irin labaran nan.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata malamai su riƙa bayani dalla-dalla kan bambancin ruƙiya da bokanci, da hanyar tuba ga wanda ya riga ya afka, don aya ta 153 a A'araf ta buɗe ƙofa ga wanda ya dawo kuma da yawa ba su sani ba. Sannan kafafen yaɗa labarai su duba irin tallan masu magani da suke karɓa, wanda ya ce yana ba da mallaka da farin jini da sa'ar kasuwa bai kamata a ba shi fili ba ko nawa zai biya.

Na gode, Allah ya tsare mana imaninmu.

Naka,
Mai karatu daga Zariya