Shekara biyar da makarantu a kulle a wata gundumar Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tunatar da masu karatu cewa makarantar gwamnati a Amurka ba ta samu cikin ruwan sanyi ba. Jihar Masacusets ta wajabta sa yara makaranta tun 1852, Misisifi kuwa sai 1918. Ko bayan haka, a jihohin kudu 'ya'yan baƙar fata makarantunsu daban ne, sau da yawa da kwancen littattafai suke karatu.

A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta wannan wariya, amma a 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji suka raka ɗalibai baƙar fata 9 cikin wata sakandaren farare a birnin Little Rock na jihar Arkansas.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya. A 1959 hukumominta suka kulle makarantun gwamnati kaf, don kada baƙi da fari su zauna aji ɗaya. Aka buɗe wa 'ya'yan farare makaranta mai zaman kanta. 'Ya'yan baƙaƙe da dama kuwa suka yi zaman gida har 1964, lokacin da Kotun Ƙoli ta tilasta aka buɗe. Wasu sai da suka haura shekara 10 da haihuwa kafin su fara shiga aji.

Wassalam,
Wani mai karatunku