Kayan ɗakin 'yata: in sayi na hannu ko in ci bashi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Duk mako ina sauraronki, ina tuyar ƙuli rediyo na gefen murhu, yau ga shi ni ma damuwa ta sa na rubuto. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a unguwar Jahun cikin garin Bauchi, 'ya'yana shida. Maigidana tela ne a wajen kasuwar Wunti, ni kuma ina matsar gyaɗa, in sayar da mai da ƙuli. An sa ranar babbar 'yarmu sati biyu bayan Babbar Sallah. Kin san sha'anin 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, gwaggonta ce a gaba a hidimar nan, ni ina daga baya. Amma kuɗin daga hannuna da na ubanta zai fito, shi ya sa na kasa barci.

Tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na shiga adashi saboda wannan rana. A lissafina na wancan lokacin, kwasata za ta yi gado da kujeru, har a sami rarar kwanuka. Na kwashi dubu 300, maigida ya sayar da keken ɗinkinsa guda, ƙanena da ke aiki a Gombe ya turo abin da ya sawwaƙa, duka ya kama dubu 480. Na zaga wajen kafintoci uku. Gado da sif da madubi kaɗai, babu katifa babu kujera, kuɗin da aka faɗa min ya haura abin da ke hannuna. Na ukun ma ya ce farashin na wannan satin ne, don katako da soso da yadi kullum hawa suke.

Ana haka sai dillaliyar da ke kawo mana atamfa ta ce akwai kayan ɗaki na sayarwa can wajen Yelwa. Na bi ta ba tare da na gaya wa kowa ba. Hajiya, kaya ne masu kyau: gado, sif mai ƙofa uku, madubi, saitin kujeru da ƙaramin firij, an ce dubu 400. Katakon gaske ne mai nauyi, ba irin allon nan na garin katako da ruwa na taɓa shi yake kumbura ba.

Ba yau na fara sayen kayan hannu ba, rabin abin da ke ɗakina gwanjo ne, kuma na sha wuya kafin in koyi dubawa. Na taɓa sayen katifa a araha, ashe da kuɗin cizo ta zo, muka yi wata huɗu muna shanya da feshi, a ƙarshe ƙona ta muka yi. Na taɓa sayen firij ranar da babu wuta, mai kayan ya rantse lafiyarsa ƙalau, sati uku ya daina sanyi, mai gyara ya ce gas aka ɗura masa alhali yana tsiyaya. Don haka wannan karon na sa aka kwance gadon, na haska fitilar waya a mahaɗar katako da ramin kusoshi, inda ƙwarin nan ke ɓuya suna barin baƙin ɗigo. Ban ga komai ba. Na zauna a kowace kujera, na ɗaga su na duba ƙasansu ko gara ta taɓa. Firij kuwa na ce ba na so sai an jona shi ya wuni a gabana. Katifa dama na yanke sabuwa zan saya ko da ƙarama ce. Batun kayan sata ma bai taso ba, a gidan iyayen mai kayan na gan su, uwarta na tsaye, har da rasit ɗin kafinta.

Mai kayan ita ce ta tsaya min a rai. Yarinya ce sa'ar 'yata, aurenta ya mutu bai cika shekara ba, aka kwaso kayan aka jibge a ɗakin zaure. Ina dubawa tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, sai da na zo kan madubi ta sa bakin mayafinta ta goge ƙurar da ke jiki. Da muka fito dillaliya ta raɗa min cewa in taya dubu 330, za su sallama, a matse suke, mahaifin yana kwance ana neman kuɗin magani. Wallahi dubu 70 ɗin nan ita ce katifa da labule a wurina. Amma bakina ya ƙi furtawa. Ciniki halal ne, na sani, to amma in ka san abin da ya sa mutum sakin kayansa, ka kuma danne shi da wannan sanin, anya babu haƙƙi?

Da na dawo na shaida wa maigida, ya ce shi bai ga aibu ba, amma a ji ta bakin Yaya, wato yayarsa, gwaggon yarinyar. Yaya kuwa ta yi tsalle ta dire. Ta ce in dai tana raye ba za a jera wa 'yar ƙaninta kwance ba, balle kayan auren da ya mutu. Ta ce ranar jere dangin miji ido suke zubawa, akwai masu buɗe sif su shinshina, kuma Bauchi ƙaramin gari ne, wata rana wata za ta shigo ta gane kujerun, gorin ya bi yarinya har tsufa. Shawararta a karɓi sabbi bashi a riƙa biya duk wata. Na tambaya, na bashin ya fi na kuɗi hannu tsada sosai, kuma ita Yaya ba ta ce za ta sa ko sisi ba. Ina da biyar a bayan wannan, biyu za su zana jarrabawar gama sakandare baɗi. In na shiga bashin nan jarin gyaɗata ne zai tafi, kuma da shi ake cefane ranar da ɗinki bai samu ba.

Maganar kayan auren da ya mutu na san camfi ne, mutuwar aure ba a jikin katako take ba. Na kuma sha jin malamai na cewa kayan ɗaki al'ada ce, ba sharaɗin aure ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, tunda Yaya ta faɗa abin yake dawo min cikin dare. Gorin kuwa ba camfi ba ne, na ga matan da aka yi wa shi.

Wani kafinta ya ce zai sake wa kujerun yadi, ya yi wa gadon fenti, babu mai ganewa. Dillaliya ma ta ce in yi shiru, ko yarinyar kada ta sani. Nan ne na fi rikicewa. 'Yata mai haƙuri ce, tun tana aji uku take taya ni murza ƙuli, ba ta taɓa cewa a yi mata irin na wance ba. In na gaya mata za ta ce ba komai, ko da abin na cin ta a ciki. In na ɓoye kuma ta ji a bakin wasu, da wane ido zan dube ta? Ga kunyar da ke tsakaninmu, ban san ta inda zan fara zancen ba, wadda ya kamata in aika kuma ita ce ba ta yarda ba.

Hajiya, ki dube ni kamar ƙanwarki ki faɗa min gaskiya. In sayi kayan nan? In zan saya, in biya yadda suka faɗa ko in nemi ragi, kuma ragin nawa ne ba zai zama zalunci ba? Wa ya kamata ya tunkari Yaya, ni ko ƙaninta, ta yadda zumunci ba zai taɓu ba? Ita yarinyar fa, a gaya mata kafin jere ko a bari? Dillaliya ta ba ni zuwa Juma'a mai zuwa, ta ce akwai wata daga Fadaman Mada da ta ga kayan tana so. Don Allah ko masu sauraro da suka taɓa aurar da 'ya da kayan hannu su faɗi yadda suka ƙare da dangin miji.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Uwar 'ya'ya shida, Jahun, Bauchi.