Jinin Larabawa kaɗai ba ya sa doki sassarfa

Malam Edita, assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka buga kan dawakin Larabawa, inda mai rubutun ya ce wai duk goɗiyar da ingarman Larabawa ya hau, ɗanta sai ya fi kowa gudu. To ni dai gaskiya ban yarda ba, musamman in ana maganar dawakin sassarfa, wato masu tsere da ɗan keke a baya kuma ba a yarda su ɓalle da sukuwa ba.

A Amurka akwai wani makiyayi Randolph Huntington da ya kafe kan wannan ra'ayi. Sultan Abdul Hamid na 2 na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya yi wa Janar Grant, tsohon shugaban ƙasa, kyautar ingarmu biyu, Leopard da Linden Tree, suka sauka Amurka a 1879, shi kuwa Huntington ba ɓata lokaci ya dinga kai musu goɗiyoyinsa 'yan zuriyar wani dokin sassarfa mai suna Clay, yana ganin ai shi ke nan an gama. Kyau kam dawakin sun yi, ga juriya, amma filin tsere fa ya riga ya zama na jikokin Hambletonian, dokin da aka haifa a 1849 wanda wani ɗan ƙodago a gona, William Rysdyk, ya saya har da uwarsa kan dala 125 kacal. Dokin nan ko kyan gani ba shi da shi sosai, ga ƙaton kai, gindinsa ya fi kafaɗa tsayi, amma sai da ya bar 'ya'ya sama da 1,300. Kuma a wannan 1879 ɗin ne masu kiwo suka sa doka, doki ya yi mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 30 in ana so ya shiga rajistar dawakin sassarfa. Agogo ne alƙali kenan.

Na san za a ce min ai dokin Orlov na Rasha daga Balarabe Smetanka ya fito. Haka ne, Rubul 60,000 basaraken Rasha Orlov ya biya, dokin bai daɗe ba ya mutu ya bar 'ya'ya 5. Amma sai da aka haɗa Smetanka da goɗiyar Denmak aka samu Polkan, shi ma aka haɗa da ta Holan, sannan Bars ya zo a 1784 da sassarfar da ake nema. Kuma duk da haka kafin ƙarni na 19 ya ƙare Rashawan da kansu suka koma shigo da dawakin Amurka don sun fi nasu sauri, dan Allah mai rubutu ya duba wannan.

Naku,
Wani mai karatu