Masu fatsa ku duba igiya kafin ku sayi sanda

Malam Edita assalamu alaikum, dan Allah ka bani dan fili inyi magana da 'yan uwana masu fatsa na nan Damagaram, musamman samari da suke ganin bidiyo a YouTube na Turawa suna wurga igiya mai launi a kogi, irin fatsar da suke kira fly fishing, sai su ma su aika a sayo masu.

Ni tun ina yaro nake zuwa tafkin Gidimuni da sandar gora da zaren nilon da tana a gwangwani, guntun silifa muke daurawa a saman zaren, in ya nutse kasan karfasa ko tarwada ta ci. Bara kanena da ke karatu a Faransa ya kawo mani irin sandar can da igiyarta, kuma gaskiya naji dadinta amma na sha wuya kafin in gane inda matsalar take, shi yasa bana so wani ya zubar da kudinshi.

Irin wannan fatsa ba darma ke kai kugiya nesa ba, nauyin igiyar ne da kanta. Shi yasa kowace igiya da lambarta, ana auna nauyin wajen mita 9 na farkonta, lamba 5 kusan giram 9 ce. Ita ma sanda lambarta tana rubuce a jikinta kusa da mariki, dole lambar sanda da ta igiya su dace. Amma in zaka daura alamar da ke yawo a saman ruwa da 'yar darma da koto a kasa, kayan sunyi nauyi, nidai na ga sanda da igiya lamba 6 ko 7 sun fi kai su nesa, balle lokacin hunturu da iska ke maido maka igiya a fuska. A kwalin igiyar ka nemi WF, wato nauyin yana gaba, sai F a karshe wato mai tsayawa a saman ruwa. In kaga S to mai nutsewa ce, zata ja alamarka kasa kayi ta zaton kifi ne, kuma ta makale a ciyawa.

Abin da yafi damuna kuma babu mai fadinshi shine zafi. Yawancin igiyoyin nan anyi su ne don koguna masu sanyi na Amurka da Turai. Tawa da safe lafiya lau, amma watan hudu rana na dagawa zafi ya haura 40 sai tayi laushi kamar taliyar da ta dahu, tana danko tana manne wa zoben sanda, ka wurga ta fadi gabanka a dunkule, wallahi ranar har raina ya baci na nade kayana na dawo gida. Ashe akwai wadda akeyi don kasashen zafi, cikinta yafi tauri rufinta kuma baya saki a rana, ita ya kamata duk dan Zinder ya ce a sayo mashi ko da tafi tsada. Kuma kada ka barta cikin mota ko bisa babur a rana.

Sai kura, mu da muka san kurar garinmu. In datti ya kama jikinta bakin igiyar zai fara nutsewa, ka wanke ta da ruwa da dan sabulu mara karfi ka goge da tsumma, ba omo ba dan Allah.

Launi kuma ka dauki wanda idonka ke gani da magariba, ruwan tafkunanmu ba garai yake ba, kifin baya ganinta sosai tunda akwai siririn nilon tsakaninta da kugiya.

Wanda kuma bashi da halin wannan duka, kada ya ci bashi. Dattijon da muke zama tare a bakin ruwa da gorarshi da silifarshi har yanzu yafi ni cika buhu.

Naku,
Wani mai fatsa daga unguwar Birni, Zinder