A sauƙaƙa mana sauraro a manhajojin rubuta kiɗa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan manhajojin rubuta kiɗa a kwamfuta. Na daɗe ina koyar da ƙungiyar mawaƙan majami'a a Jos, kuma yawancin mawaƙanmu da kunne suke ɗaukar waƙa, don haka sautin da manhajar ke fitarwa ya zama mataimakina a wurin gwaji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan masu muryar alto, ɗaya daga cikin muryoyi huɗu na ƙungiyar, suka kasa kama wani wuri mai wuya, ina so in zaɓi gaɓoɓi huɗu kacal na waƙar su riƙa maimaituwa, in ɗaga muryarsu in rage sauran ukun. A manhajar da nake amfani da ita, kafin in rage gudun waƙa daga bugu 100 a minti zuwa 60, sai na sauya alamar gudun da ke rubuce a takardar waƙar, har na taɓa mantawa na buga ta haka na raba wa mutane. Maɓalli ɗaya da zai rage gudu ba tare da taɓa rubutun ba, da ƙidayar shiga kafin waƙa ta fara, sun wadatar da ni.

Tun da aka daina haɓaka manhajar rubuta kiɗa ta Finale a watan Agusta na 2024, masu neman madadinta suna duba Dorico da MuseScore, kuma ina fatan masu ƙera irin waɗannan manhajoji za su tuna da mu masu koyarwa da kunne.

Naka,
Malamin mawaƙa, Jos